Komawa aji da furfura: sharhi a kan ofishin manyan ɗalibai na wata jami'ar ikilisiya

Ina da shekara 46 a duniya, kuma na shekara 22 ina koyarwa a makarantar firamare, lokacin da na cike takardar neman shiga jami'a a farkon shekarar 2021. Takardar NCE ce a hannuna, wadda ita ce mafi ƙanƙantar shaidar da manufar ilimi ta ƙasa ta amince malami ya shiga aji da ita, kuma ta riƙe ni da iyalina tsawon waɗannan shekaru ba tare da na taɓa raina ta ba. Sai dai duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san cewa mai NCE daga matakin albashi na 7 yake farawa, mai digiri kuwa daga mataki na 8, sannan akwai wurin da tsanin na farko yake ƙarewa alhali na biyun yana ci gaba da hawa. Na ga yaran da na koya wa baƙaƙe da wasula sun je jami'a sun dawo, na yi murna da su ƙwarai, na kuma san a raina cewa idan ban tashi a wannan lokaci ba, to, ba zan ƙara tashi ba.

Abin da zan yi sharhi a kansa shi ne ofishin kula da manyan ɗalibai na jami'ar da na yi karatu, wato ofishin da aka ɗora wa alhakin ma'aikata da 'yan kasuwa da fastoci da matan aure waɗanda suke zuwa karatu ranar Juma'a da Asabar da kuma lokacin dogon hutu. Jami'ar ta wata ikilisiya ce, tafiyar kusan awa uku ce a mota daga garinmu, kuma ba zan ambaci sunanta ba, domin akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, ma'aikatan da abin ya shafa kuwa mutane ne ƙalilan waɗanda kowa a can ya san su. Na shekara huɗu ina shiga wannan ofishi har na kammala a 2025, saboda haka ina ganin na zauna a ɗakin isasshen lokacin da zan san inda yake yoyo da inda rufinsa yake da ƙarfi.

Jami'o'in ikilisiya ba tsofaffi ba ne a Najeriya. A 1999 ne gwamnatin tarayya ta ba da lasisi ga Igbinedion da Babcock da Madonna, waɗanda da su aka buɗe wannan zamani na jami'o'i masu zaman kansu, kuma biyun ƙarshe tushensu na addinin Kirista ne. A 2005 ikilisiyar ECWA ta kafa Jami'ar Bingham a Karu, ikilisiyar NKST ta kafa tata a Mkar ta jihar Binuwai, daga baya bishof-bishof na Katolika suka kafa Veritas a Abuja, ikilisiyar COCIN kuma ta sami lasisin Jami'ar Karl Kumm a Vom a 2021. Amma koya wa babba karatu tsohon aiki ne a ikilisiyoyin Arewa, wanda ya girmi dukan waɗannan jami'o'i nesa ba kusa ba. Tun zamanin da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, masu bishara suke tara magidanta da matansu da yamma bayan an taso daga gona, suna koya musu karatu domin kowa ya iya buɗe Littafin da kansa. Mahaifiyata a ajin zumuntar mata ta koyi karatu tana da 'ya'ya biyar, kuma daga nan har ta rasu ba ta ƙara bari wani ya karanta mata wasiƙa ba. Da wannan tarihi a zuciyata na shiga, ina sa ran gidan da ya gaji irin wannan aiki zai san yadda ake riƙe babban mutum. Abin da na tarar shi ne jami'ar da aka gina domin 'yan shekara 17 da 18 masu kwana a ɗakunan ɗalibai ƙarƙashin dokoki masu tsauri, sai wani ofishi mai ɗaki biyu a bayan ginin magatakarda yana ta ƙoƙarin lanƙwasa wannan tsari domin ya ɗauki irinmu.

Na yi tunanin jami'ar gwamnati, wadda ta fi sauƙin kuɗi, amma a lokacin an fito ke nan daga yajin aikin wata tara da malaman jami'o'i suka yi a 2020, kuma mace mai shekara 46 ba ta da watannin da za ta bayar kyauta. Na kuma yi tunanin jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, wadda ta fitar da abokan aikina da dama kunya, sai dai na san halina, ina bukatar malami a gabana wanda zan ɗaga hannu in yi masa tambaya. Zaɓin nawa ya nuna amfaninsa a 2022, sa'ad da wani yajin aikin ya rufe yawancin jami'o'in gwamnati daga Fabrairu zuwa Oktoba, mu kuwa ko mako ɗaya ba mu rasa ba. A wannan shekara ce kuma aka sa hannu a dokar da ta kai shekarun ritayar malamai 65 na haihuwa ko 40 na aiki, abin da ya ƙarfafa mini begen cewa digirin zai sami shekarun da zai yi mini aiki.

Ranar da na fara zuwa rajista na isa da hantsi, takarduna a cikin leda, na tarar matasa da iyayensu sun cika farfajiyar ofishin magatakarda. Maigadi ya dube ni ya tambaya ko 'yata na kawo, da na ce ni ce ɗalibar sai ya nuna mini hanyar bayan gini. A can na sami shugabar ofishin, mace wadda na girme ta da aƙalla shekara goma. Ta miƙe tsaye, ta karɓi ledar daga hannuna, ta ce, "Sannu da zuwa, Mama, zauna ki sha ruwa tukuna, takardu ba za su gudu ba." Bayan na huta ta jawo kujerarta kusa da tawa, ta ɗauki farar takarda, ta shiga tambayata abubuwan da babu su a fom: yaushe ake biyanmu albashi, ƙarfe nawa nake tashi daga makaranta ranar Juma'a, wa yake kula da gida idan ba na nan, ko maigidana ya amince da zuciya ɗaya, da lambar wayar wanda za a nema idan ba a same ni ba. Ta kuma tambaye ni ko na karɓi izinin karatu a rubuce daga ofishin ilimi na ƙaramar hukumarmu, ta bayyana mini cewa ma'aikacin da ya yi karatu ba tare da wannan takarda ba yana iya dawowa da digiri a ƙi lissafa masa shi wajen ƙarin girma. Ban karɓa ba a lokacin, kuma da ba ta faɗa ba, da sai bayan shekara huɗu zan gane asarar da na yi. Ta rubuta amsoshina ta sa a fayil mai sunana. Na ɗauka ladabin ranar farko ne kawai, amma daga baya na ga cewa da wannan takarda take aiki, domin ba ta taɓa aiko mini da tunin biyan kuɗi a tsakiyar wata ba.

Ana cewa gemu ba ya hana ilimi, kuma gaskiya ne, don a cikin waɗanda muka fara tare ban ga wanda furfurarsa ta kora ba. Waɗanda suka bari, yawancinsu lokaci ne ya fi ƙarfinsu, domin taura biyu ba ta taunuwa cikin sauƙi, ga aiki ga gida ga karatu. Babban abin da wannan ofishi ya gane, wanda kuma saboda shi nake yaba masa, shi ne cewa lokacin babba yana da tsada, kowace awa da ya zauna a aji daga bakin wani abu ya ciro ta. Ana fara lacca ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a, bayan an sauko daga masallaci kuma ma'aikata sun sami damar isowa, a tashi ƙarfe bakwai, ranar Asabar kuma daga takwas na safe zuwa biyar na yamma. Ba a taɓa Lahadi, sannan a watan Agusta a haɗa makonni huɗu a jere. Ana raba jadawalin dukan zango tun ranar farko, a takarda da kuma a zauren WhatsApp na aji, kuma ƙa'idar ofishin ita ce malamin da ba zai sami zuwa ba ya sanar kafin azahar ta Alhamis, tun kafin mutane su shiga mota.

Akwai wata Juma'a a shekararmu ta farko da muka hallara, wasu daga nesa fiye da ni, muka zauna awa ɗaya da rabi babu malami, ashe ya tafi taro a wani gari bai sanar ba. Shugabar ofishin da kanta ta zo ajin, ta tsaya a gabanmu ta ba da haƙuri ba tare da kame-kame ba, ta rubuta garin da kowa ya fito, ta kai maganar gaba. Mako na biye malamin ya nemi gafararmu, ya kuma biya darasin a lokacin da mu muka zaɓa. Wanda bai taɓa cire kuɗin mota daga kuɗin cefane ba zai iya ganin wannan ƙaramin abu ne. A wurinmu shi ne ya nuna cewa an ɗauke mu mutane masu nauyi a kai.

Abu na biyu da ya zauna mini a rai shi ne ajin kwamfuta na zangon farko, wanda ake yi ƙarfe bakwai na safiyar Asabar, awa ɗaya kafin lacca. Rajista da biyan kuɗi da miƙa aikin gida da duba sakamako duk ta intanet ake yinsu, ni kuwa ban taɓa rubuta shafi guda da kwamfuta ba. Ofishin yana ɗauko ɗaliban sashen kwamfuta su zauna da mu ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka haɗa ni da shi sa'an ɗana na biyu ne, kuma da ya ga yadda nake damƙe linzamin sai ya ce, "Mama, kada ki danne shi da ƙarfi, ki bar hannunki ya kwanta a kansa kawai." Kusa da ni akwai wani fasto mai kusan shekara 60, mutumin da yake tsayawa gaban ɗaruruwan mutane kowace Lahadi ba gezau, amma a ranar yatsunsa rawa suke yi a kan madannai. Na lura shugabar ofishin tana rufe ƙofa ta saki labule kafin a fara, domin kada matasan da suke wucewa su tsaya kallo, kuma ba a ba da maki a wannan aji, ba a kuma kiran sunan kowa. Kunyar tambayar abin da ƙaramin yaro ya sani ta hana manya da yawa karatu, wanda ya tsara ajin nan kuwa ya san da haka. Kafin zango ya ƙare na iya buɗe imel, na iya adana rubutu, na iya aika aikin gida da kaina. Ajin koyon rubutun jami'a, wato yadda ake tsara maƙala da ambaton inda aka samo magana da guje wa kwafar aikin wani, bai kai wannan kyau ba. Zama uku kawai aka yi, kuma mu malamai mun lallaɓa, amma 'yan kasuwa da ma'aikatan lafiya da suka daɗe da barin dogon rubutu da Turanci sun sha wuya har shekara ta biyu.

Maganar kuɗi ba ta bukatar ado: karatun yana da tsada. Jami'o'i masu zaman kansu ba sa samun tallafin TETFund, wato asusun da gwamnati take tallafa wa manyan makarantunta da shi, saboda haka albashin malamai da man janareta da littattafai duk daga aljihun ɗalibi da baikon ikilisiya suke fitowa, lamunin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 kuwa na ɗaliban makarantun gwamnati ne. Abin da ofishin ya yi mana shi ne yarjejeniyar biya kashi uku a kowane zango, a rubuce da sa hannu, kuma wanda ya biya kashi biyu yana iya zama jarrabawa. Ni na shiga adashen malaman makarantarmu, na roƙa a sa kwasata ta riƙa faɗowa a farkon zango. Da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin motata ya wuce ninki cikin 'yan makonni, kuma a nan ne wasu abokan karatunmu suka fara ɓacewa. Ofishin bai zauna ba. Ya haɗa mutanen da suke fitowa daga hanya ɗaya su ɗauki shatar mota tare, ya roƙi wata majami'a da ke kusa ta ba mata ɗaki da katifu na daren Juma'a a kan ɗan kuɗi kaɗan, ya kuma shawo kan wasu malamai suka tattara darussan mako biyu a mako ɗaya domin a rage yawan tafiya.

Duk da haka ina da ƙorafi mai nauyi a nan. Akwai kuɗaɗen da babu su a takardar shiga, sai an zo rajista a gan su a rasit, kamar kuɗin wasanni da kuɗin asibiti, alhali ba mu taɓa taka filin wasa ba, asibitin kuma ba ya duba marar lafiya bayan azahar ta Asabar sai na gaggawa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma idan ba za a yi askin ba, adalci shi ne a cire ladan. A lokacinmu ofishin kuɗi ba ya buɗewa ranar Asabar, don haka wanda aka sami kuskure a rasit ɗinsa sai ya kashe ranar aiki guda ya biya kuɗin mota na musamman. Shafin rajista na intanet shi ma bai san da yarjejeniyar biya kashi-kashi ba, har sau ɗaya ya cire sunana daga jerin masu zama jarrabawa, sai da shugabar ofishin ta riƙe fayil ɗina ta taka da ni zuwa wurin ma'aji aka mayar da shi ana saura kwana ɗaya.

A shekarata ta uku maigidana ya faɗi da hawan jini, ɓarin jikinsa ya shanye, muka kwanta a asibiti. Na rasa makonni uku a jere, jarrabawa tana gabatowa, na kashe waya, kuma a zuciyata na riga na ajiye karatun. Da yammacin Asabar ta uku ƙanena ya miƙo mini wayarsa ya ce daga makaranta ne, ashe lambar nan da na bayar ranar farko ta nema. Abin da ta fara faɗa shi ne, "Mama, ba don karatu na kira ba, jikin Baba nake tambaya." Sai da muka gama maganar jiki da magani sannan ta gaya mini cewa akwai takardar neman ɗage jarrabawa, kuma idan ba a sa mata hannu kafin wata rana ba za a rubuta mini faɗuwa a darussa biyu. Ranar Talata shugaban ajinmu ya kawo takardar har bakin gadon asibiti, tare da faston jami'a da wata Hajiya abokiyar zamana a aji, wadda ta zo da kunun gyaɗa a fulas. Fasto ya yi addu'a, na sa hannu a kan gwiwata, na kuma rubuta jarrabawar biyu a watan Agusta. Maigidana yanzu yana tafiya da sanda. Takarda ɗaya ce da kiran waya ɗaya, amma su suka raba ni da waɗanda suka bari, kuma duk abin da zan faɗa bayan wannan ina faɗarsa ne ina sane da bashin da ake bina.

Babban raunin hidimar shi ne ofishin ba shi da iko a kan sauran jami'ar, kuma dokokin jami'ar ba su san da mu ba. Fom ɗin neman izinin fita bayan ƙarfe bakwai na dare yana da layin sa hannun iyaye, har aka taɓa tsare wata ma'aikaciyar jinya mai jikoki a bakin ƙofa saboda layin nan babu kowa a kansa. Sujadar safiyar Laraba wajibi ce ga kowane ɗalibi, sai na'ura ta riƙa rubuta mana fashi da tara, mu da ranar Laraba muna wuraren aikinmu a garuruwa dabam-dabam, kuma sai da aka ci zango guda kafin a share. Ɗakin karatu yana rufewa ƙarfe biyu na ranar Asabar muna cikin lacca, littattafansa na intanet kuma ba sa buɗuwa sai mutum yana cikin harabar jami'a. Mata masu goyo ba su da ɗaki, a ƙarƙashin bishiyar darbejiya 'yan rainonsu suke wuni da jarirai, rani da damina. Na kuma ga wani matashin malami ya kori dattijo daga aji saboda wayarsa ta yi ƙara, alhali mutumin ma'aikacin lafiya ne da ake iya nema kowane lokaci. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli, idan an gyara ta, to, da roƙo da sanayyar shugabar ofishin aka gyara, ba da wata rubutacciyar doka ba. Mun gane haka sarai lokacin da ta tafi hutun haihuwa: an canza jadawali sau biyu ba sanarwa, wayar ofishin ta yi ta ƙara babu mai ɗauka, wanda aka ajiye a kujerarta kuma bai san akwai fayil na kowannenmu ba. Hidimar da nake yabo ashe rabinta halin mutum ɗaya ne, kuma wannan abin tsoro ne ga duk mai shirin shiga, domin ma'aikaci yana iya samun canjin aiki gobe.

Game da addini, an gaya mana gaskiya tun ranar farko, cewa akwai gajeriyar sujada kafin laccar Asabar, akwai kuma darasi ɗaya na koyarwar Kirista a kan ɗabi'a wanda kowa zai ɗauka. Musulmin ajinmu ba su da yawa, kuma babu masallaci a harabar, amma ofishin ya ware musu ɗaya daga cikin ɗakunansa biyu a lokacin salla, da tabarma da buta, a watan azumi kuma ana tashi laccar Juma'a kafin shan ruwa. Hajiya ta gaya mini cewa abin da ya kwantar mata da hankali shi ne ba a ɓoye mata komai ba kafin ta biya kuɗi, kuma ba wanda ya taɓa matsa mata a kan imaninta. Ni a matsayina na Kirista na ji daɗin karatu a wurin da ake buɗe rana da addu'a. Sai dai zan faɗi abin da ya dame ni, kuma da ƙauna nake faɗarsa: wasu ma'aikata sun mai da "a yi haƙuri, mu sa a addu'a" amsar kowane ƙorafi. Sakamakona na wani darasi ya ɓace har zango biyu, kuma duk teburin da na je wannan amsa nake samu, sai da aka sami wanda ya buɗe kabad ya nemo takardar jarrabawar. Na gaskata da addu'a da dukan zuciyata, kuma saboda haka ne ba na so a sa ta a gurbin aikin da aka ɗauki mutum ya yi.

A wajen koyarwa kanta, malaman da ofishin ya saba aiki da su sun san darajar abin da muka zo da shi. Wata Dakta da ta koya mana dabarun koyarwa takan rufe littafi ta ce da tsohuwar zuma ake magani, ta nemi kowa ya kawo misali daga ajinsa, sannan ta nuna mana sunan da masana suka ba abin da muka daɗe muna yi. Aikin bincikena na kammalawa a kan yadda yaran aji biyu suke koyon karatu da Hausa ne a makarantu uku na yankinmu, kuma ofishin ya tabbatar an haɗa mu da malaman da suka yarda a aika musu babi ta imel, a yi gyara ta waya da daddare, maimakon a yi ta zirga-zirga domin shafi biyar.

Wanda yake tunanin irin wannan karatu, a wannan jami'a ko wata, ya tabbatar da idonsa cewa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da ainihin kwas ɗin da zai yi a tsarin ƙarshen mako, ba sunan jami'ar kaɗai ba, ya kuma tabbatar shigarsa ta bi ta hukumar JAMB. Ya sani cewa ɗalibin ƙarshen mako ba ya zuwa yi wa ƙasa hidima, wasiƙar keɓewa ake ba shi, kuma wuraren aiki suna tambayarta, don haka ya bi sawunta tun kafin bikin yaye ɗalibai. Tawa ta ɗauki watanni, ko da yake ofishin ne ya yi ta bin maganar har ta fito.

Ga ma'aikaci mai albashin wata, wanda zai iya jure kuɗin kuma yana son malami ido da ido da jadawalin da ba ya tsayawa, ina ba da shawarar wannan hidima ba tare da shakka ba, kuma na riga na tura malamai biyu daga makarantarmu. Ga wanda samunsa na damina ne ko na kasuwa mai hawa da sauka, ina ganin NOUN ko karatun hutu na jami'ar gwamnati zai fi masa sauƙi, domin biya kashi uku yana sassauta nauyi amma ba ya rage shi. Malaman nan biyu na ce musu, kafin su biya ko kwabo, su tambayi wa yake riƙe ofishin idan shugabar ba ta nan, su kuma nemi a ba su cikakken jerin kuɗaɗe a rubuce. A takardar jin ra'ayi da aka raba mana ranar ƙarshe na roƙi jami'ar ta ƙara ma'aikaci na biyu a ofishin, ta buɗe taga ɗaya a ofishin kuɗi ranar Asabar, ta ba masu goyo ɗaki, ta kuma rubuta ƙa'idodin manyan ɗalibai a littafin dokokinta yadda ba za su dogara ga kirkin mutum ɗaya ba. Ɗaya daga cikin malaman da na tura ta gaya mini cewa an buɗe tagar Asabar a wannan zango, amma masu goyo har yanzu suna ƙarƙashin darbejiya.